Yadda Ake Kama Abin da Ke Gushewa da Sikana: Daga Goro zuwa Bangon Ƙasa

A tsofaffin unguwannin cikin garin Bauchi, kowace damina sai ta tafi da wani abu. Zanko ya gutsure, zanen da magini ya yi a goshin zaure ya shafe, soro ya rufta a share wurin a ɗora bulo. Ganuwar da ta kewaye garin tun zamanin Sarki Yakubu, yau sunayen ƙofofinta irin su Wunti da Ran da Wambai sun fi abin da ya rage na jikinta yawa. A cikin gidaje ma haka ne: hoton kaka da gara ta ci gefensa, wasiƙar ajami da tawadarta ta koɗe, tsohuwar takardar haraji da ta kakkarye a inda aka naɗe ta. Mai zane ko mai ɗaukar hoto da ke son yin aiki a kan tuna baya da gushewar abubuwa, kayan aikinsa na nan a ƙofar gida. Abin da yake nema shi ne hanyar aunawa, kuma sikana, na'urar da ke kwafe hoton abin da aka ɗora a kan gilashinta zuwa kwamfuta, ta fi kyamara a wannan fanni, domin tana ɗaukar abu da girmansa na ainihi, da haske iri ɗaya, yau da gobe da baɗi.

Abu guda ne ya kamata ka riƙe tun daga farko. Sikanin sau ɗaya adanawa ne kawai, kuma adanawa aikin gidan tarihi ne. Aikin fasaha yana fitowa ne idan ka koma kan abu ɗaya sau da yawa, a wuri ɗaya, da saiti ɗaya, ka bar lalacewar ta bayyana ba tare da ka gyara ta ba. Wasu masu fasaha na Landan da ake kira ScanLAB sun auna ɓangarorin ƙanƙarar tekun arewacin duniya da na'urar leza, suka sake zuba siffarsu da ƙanƙara, suka bar ta tana narkewa a gaban 'yan kallo. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da goro da lalle da yaɓe, kuma duka suna canzawa a gaban idonmu.

Wace sikana

Sikana mai gilashi iri biyu ce, kuma bambancin yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai mai CIS, siririya mara nauyi, irin jerin Canon LiDE, wadda ke shan wuta daga kebul ɗin USB na kwamfuta. Wannan ta dace da inda wuta ba ta zama, don laftof mai caji kaɗai ta ishe ta. Matsalarta ita ce ba ta gani sosai sai abin da ya manne da gilashi. Abu ya ɗaga da milimita biyu ko uku, ya dushe. Ga takarda da hoto ba laifi. Akwai kuma mai CCD, mai kauri, irin Epson V600, wadda ke ganin abu har santimita ɗaya ko fiye kaɗan daga gilashi. Idan goro za ka ɗora, ko tafin hannu, ko hula mai aiki, ko ɓallen tukunya, wannan ce kake bukata. Tana son wutar soket, saboda haka a haɗa ta da inbata ko UPS. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, fayil ɗin ya tafi. Yawancin firintocin da ke haɗe da sikana a shagunan fotokwafi masu CIS ne. Kafin ka biya kuɗin haya, ɗora biro a kan gilashin ka gwada: idan rubutun jikin biron ya fito amma gefunansa sun narke, ka san irin da ke gabanka.

Sauran kayan ba su da tsada: ƙyalle mai laushi na goge tabarau, ɗan famfon iska na roba, burushi mai taushi, rula, kwali mai kauri, salatif na takarda, da farar leda mai ƙarfi irin wadda ake yi wa littafi bango a shagon kwamfuta. Ledar ita ce ke kare gilashi daga yashi da danshi. A lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba. Kada ka goge gilashi a bushe alhali ƙura na kwance a kai, za ka kakkarce shi, kuma karcen zai fito a kowane hoto har abada. Fara hure shi da famfo, sannan ka ɗiga ruwan goge gilashi a jikin ƙyalle, ba a kan gilashin ba, don kada ya zurara ciki.

Tsofaffin hotuna da takardu

Ana auna kaifin sikanin da dpi, wato ɗigo nawa ne a inci guda. Lissafin mai sauƙi ne. Hoton da ke da santimita 10 da 15, idan ka ɗauke shi a 600, za a iya buga shi a santimita 20 da 30 da kaifi sosai. A 1200 ya kai 40 da 60. Ɗan ƙaramin fasfo na santimita 3.5 da 4.5, irin wanda ake samu a tsohon katin aiki, ka ba shi 2400, zai fito kusan 28 da 36. Cikakkiyar takardar A4 mai launi a 600 tana cin kusan megabayit 100 a tsarin TIFF, saboda haka ka tanadi wurin ajiya tun da wuri. Ka adana na asali a TIFF. JPEG na rabawa ne, don duk lokacin da aka buɗe shi aka gyara aka sake adanawa yana zubar da wani abu.

Shiga saitin manhajar ka kashe duk abin da take yi da kanta: daidaita haske, ƙara kaifi, cire ƙura, maido da launi. Waɗannan an yi su ne don mai son hoton biki ya koma sabo. Kai kuwa tabon ruwan da ya ratsa fuskar mutum, da hanyar da gara ta bi, da jan launin da ya mamaye hotunan shekarun 1970 da 1980, su ne abin da ka zo nema. Ko hoton baƙi da fari ne, ka ɗauke shi da launi, domin rawayar da takarda ta yi labari ce. Ka bar gefunan takardar su fito duka, har da yagewar, ka ajiye rula a gefe. Sannan ka juya bayan hoton ka ɗauka. Sau da yawa hatimin situdiyo, ko kwanan wata, ko 'yan kalmomin da aka rubuta da boko ko ajami, sun fi fuskar hoton magana.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata wa mutane aiki a nan. Na farko, hoton da ya manne da gilashin firem saboda danshi: kada ka ɓamɓare shi, fatar hoton za ta biyo gilashin. Ka ɗauke shi yadda yake ta cikin gilashin da sikana mai CCD. Na biyu, takardar hoto mai gurzaje irin ta tsofaffin situdiyo, wadda ke fitowa da fararen ɗigo-ɗigo saboda fitilar sikana na haskawa ta gefe ɗaya. Maganinsa shi ne ka ɗauka sau ɗaya, ka juya hoton kai ya koma ƙasa ka sake ɗauka, sannan ka ɗora su a kan juna a manhajar GIMP, wadda kyauta ce, ka daidaita su, ka rage ƙarfin na sama zuwa rabi. Inuwar ɗaya tana kashe ta ɗaya. Na uku, zobba masu launi-launi da ke fitowa idan leda ko hoto mai sheƙi ya lafe da gilashi. Rage dannawa, ko ka cire ledar idan abin a bushe yake kuma ba ya karce. Idan takarda ta yi fumfuna, shanya ta a inuwa ta bushe tukuna, ka rufe hancinka, ka share da burushi a waje.

Abin da ke canzawa a kan gilashi

A nan ne aikin ya fi daɗi. Buɗe murfin sikana, ka kifa kwali mai zurfin santimita 15 zuwa 20 wanda ka shafe cikinsa da baƙin fenti mara sheƙi, ko ka kashe fitilar ɗaki da dare. Hasken sikana ba ya tafiya nesa, saboda haka bayan abin zai fito baƙi wuluk, abin da ke kan gilashi kuma ya fito da kowane gurbi nasa.

Fara da goro. Samo fari da ja, ka raba kowanne biyu, ka kifa fuskar da aka raba a kan leda. Yanka kwali siffar kusurwa ka manna a gilashi da salatif, domin kullum goron ya koma daidai inda yake. Ka zana da'irar wurinsa a kan ledar da alƙalamin maka. Goro mai santimita 4 a dpi 2400 zai ba ka hoton da za a iya bugawa ya haura santimita 30, kuma a wannan girman za ka ga jijiyoyin da ido bai taɓa lura da su ba. Idan ka kankare fuskar da wuƙa ko ka gatsa, iska na taɓa wurin launi zai fara juyawa zuwa ruwan goro cikin mintuna kaɗan. Ɗauka duk minti 5 a awa ta farko, sannan sau ɗaya kullum har mako uku. Tsakanin ɗauka ka bar shi a buɗe, ba a cikin ganye ko jiƙaƙƙen buhu ba. Zai yamutse, ya ƙanƙance, ya yi duhu, ya taurare. A hunturu wannan na faruwa da sauri; a watan Agusta danshi kan kawo fumfuna kafin ya bushe, wanda shi ma wani jeri ne na daban mai kyau. Kowa a ƙasar nan ya san goron ɗaurin aure da na suna da na gaisuwa. Idan ka ce wa mai kallo wannan goron daga ɗaurin auren wance ya fito, ga shi ranar, ga shi bayan kwana ashirin, ba ka bukatar ƙarin bayani.

Lalle ya fi goro zurfi, amma yana bukatar yarda da haƙuri. Jan lalle ba ya kai ƙarshen duhunsa sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya fara tafiya yayin da fatar sama ke saɓulewa, cikin mako biyu zuwa uku. A tafin hannu ya fi daɗewa saboda kaurin fata, a farce kuwa ba ya koɗewa sosai, farcen ne ke tura shi gaba da kimanin milimita 3 a wata har a yanke. Wato hannu ɗaya yana ɗauke da agogo biyu. Zana siffar hannun a kan kwali ka yanke ta, ka manna a gefen gilashi don yatsu su riƙa komawa inda suke. A wanke hannu a bushe shi, ban da mai ko basilin, don suna barin tabo kuma suna sa sheƙi. A ɗora hannun a hankali: dannawa da ƙarfi yana korar jini fata ta yi fari, launin ranar ya saɓa da na jiya. dpi 600 ya isa, don fiye da haka fitilar na tafiya a hankali, hannu kuma ba ya iya tsayawa cik na minti biyu. Idan hannun amarya ne ko matar aure, ya fi kyau mace ta yi aikin a cikin gida, kuma a gaya wa mai hannun da mutanen gidanta inda hoton zai je kafin a fara.

Dokar jeri ɗaya ce: kada ka taɓa saiti. Adana shi da suna a manhajar, ka ajiye ɗan guntun kwali mai ruwan toka a kusurwa domin ka gane idan launi ya kauce. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, kamar 2025-08-14-goro-01, don su jeru da kansu.

Akwai kuma wata dabara. Sikana layi-layi take ɗauka, ba gaba ɗaya ba. Idan ka ja hoto a hankali kana bin fitilar, fuskar za ta miƙe. Idan ka ɗaga shi a tsakiya, rabinsa zai nutse cikin duhu. Wannan yana kama da yadda fuskar wanda ya daɗe da rasuwa ke zuwa a zuci, wani sashe a fili wani ya ɓace. Yi shi da kwafi, kada ka goga na asali a kan gilashi. Ra'ayinmu shi ne a yi amfani da ita kaɗan. Idan kowane hoto an murɗe shi, abin ya koma wasa da na'ura.

Bangon ƙasa a siffar 3D

Bango ba ya hawa gilashi, saboda haka sai fotogirametiri: ka ɗauki hotuna da yawa masu shiga juna, manhaja ta gano wuraren da suka yi daidai ta lissafa tsawo da faɗi da zurfi. Bangon ƙasa ya dace da wannan fiye da kowane gini, don cike yake da tsaguwa da ciyawar da aka cuɗa da sawun yatsun mai yaɓe, kuma waɗannan ne manhajar ke kamawa. Wayoyin iPhone daga 12 Pro zuwa sama, masu Pro a sunansu, suna da LiDAR, na'urar auna nisa da leza, mai kaiwa kimanin mita 5. Yana da kyau wajen ɗaukar siffar ɗaki da sauri, amma kuskuren santimita ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne a gare shi, ga zanen dagi a goshin zaure kuwa wannan ya yi yawa. Hotuna sun fi shi.

Ɗauki misalin fuskar zaure mai faɗin mita 4 da tsayin mita 3. Yi amfani da babbar kyamarar waya, ban da zuƙowa, ban da saitin da ke dusar da baya, ban da filashi. Danna allo ka riƙe har haske da saiti su kulle. Tsaya mita 2 daga bango. Daga nan waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar faɗin kusan mita biyu da rabi, kowane fiksel bai kai milimita ɗaya ba. Ɗauka, matsa gefe rabin mita, ɗauka, har ka wuce ƙarshen bangon. Da haka kowane hoto ya shiga na kusa da shi da kimanin kashi 80 cikin 100. Yi wannan a tsayi uku: a tsugune, a tsaye, da waya a ɗaure a sanda sama da kai. Sannan ka maimaita kana fuskantar bangon a karkace daga dama, ka sake daga hagu, domin a ga gefen zanen da ya tudu. Ƙarshe ka matso kusa da mita ɗaya ka bi zanen da hotuna 30 zuwa 40, amma ka matso sannu-sannu kana ɗauka, kada ka yi tsalle daga nesa zuwa kusa, manhajar za ta kasa haɗa su. Jimilla hotuna 120 zuwa 150.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tsaya wuri ɗaya yana juya waya dama da hagu. Wannan ba ya ba da zurfi ko kaɗan. Ƙafa ce za ta yi tafiya. Na biyu shi ne rana. Hasken da ke zuwa ta gefe yana fito da zane a hoto na yau da kullum, amma a nan inuwa tana mannewa a jikin siffar, kuma tana matsawa kafin ka gama. Ka zo lokacin da bangon yake cikin inuwa gaba ɗaya, ko ranar da hadari ya rufe, ko safiyar da hazo ya tare rana. A Maris da Afrilu waya na zafi ta rage aiki ko ta mutu, don haka ka gama kafin hantsi. Abin da ba ya ɗaukuwa: kwanon rufi, gilashi, bangon siminti mai santsi da aka shafe da farin fenti, ruwa, ganyen da iska ke kaɗawa. Awaki da yara masu wucewa kan bar guntaye a iska. Roƙi wani babba ya tsare maka wurin na minti 20.

Kafin hoto na farko ka jingina rula ko katako mai mita ɗaya cif a gindin bango, ya fito a hotuna da yawa, in ba haka ba siffar ba za ta san girmanta ba. Sannan ka nemo abubuwa aƙalla huɗu da damina ba za ta taɓa ba, a warwatse: kusurwar dutsen dakali, ƙarfen ƙofa, sandar wuta, dokin ƙofa na siminti. Su ne za su haɗa maka na yau da na bayan damina. Kada ka buga ƙusa a bangon mutane don yin alama.

Kwashe hotunan da kebul. WhatsApp yana matse hoto kuma yana goge bayanan kyamara da manhajar ke bukata, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Cikin manhajojin da ke haɗa hotunan su zama siffa a kwamfuta, Meshroom kyauta ce amma tana son katin hoto na Nvidia. Metashape na kuɗi ce. Kwamfuta mai RAM gigabayit 16 za ta iya, sai dai aikin kan ci awoyi, don haka ka tabbatar da wuta. A waya akwai Polycam da KIRI Engine, waɗanda ke tura hotuna intanet a sarrafa, kuma hotuna 120 sun kusa rabin gigabayit na data. Scaniverse kuwa a cikin wayar take aikinta. Fitar da sakamakon a tsarin fayil na PLY ko OBJ.

Ƙaramin abu kamar tulu ko tukunya ko akushi, ɗora shi a kan tsohuwar jarida a inuwa, ka zagaya shi kana ɗauka duk digiri 10, hotuna 36 ke nan, a tsayi uku. Kwalla da fanteka na jeren ɗaki suna sheƙi, ba sa fita da kyau, kuma bai dace a fesa musu komai don kashe sheƙin ba tunda kayan gado ne.

Kwatanta na da da na yanzu

Ɗauki bangon a farkon Mayu kafin ruwa ya kankama, ka koma a ƙarshen Oktoba, ka sake komawa idan an yi sabon yaɓe da rani. Buɗe biyu daga cikin siffofin a manhajar CloudCompare, ita ma kyauta. Daidaita girmansu da rular nan, sannan ka haɗa su ta hanyar nuna tsayayyun wuraren nan huɗu a kowanne. Akwai umarnin ICP da ke ƙara matse haɗin, amma a nan ake faɗawa rami: idan ka bar shi ya yi aiki da bangon duka, zai jawo sabon bango ya manna a tsohon, zaizayar ta ɓace a lissafi. Yanke sassan da ba su canza ba, ka haɗa da su kaɗai. Daga nan ka sa ta auna tazarar da ke tsakanin biyun. Za ta rina bangon da launi, shuɗi inda bai motsa ba, ja inda ya fi cinyewa. Yawanci jan zai taru a ƙarƙashin indararo, a kan zankwaye, da gindin bango inda ruwa ke fantsama. Bambancin da bai kai milimita 5 ba kada ka yarda da shi, yana iya zama kuskuren awo.

Siffar za ta fito da ramuka inda kyamara ba ta gani ba, kuma kowace manhaja tana da maɓallin cike su. Kada ka taɓa shi. Abin da za ta cika ƙage ne. Ka kai siffar wurin dattijon gidan ko tsohon magini, ka ce, "Baba, nan da ya rushe, me ke wurin a da?" Naɗi muryarsa da izininsa, ka zana abin da ya faɗa da siririn layi a cikin gurbin, a manhajar zanen 3D ta Blender ko da hannu a kan wanda aka buga. Idan Inna ta ce ba haka yake ba, zana nata da wani launi. Saɓanin nasu yana cikin aikin.

Izini

Gida yana da mai shi, unguwa tana da mai unguwa. Ka fara da su, ka nuna musu a waya abin da kake yi. Siffar 3D tana nuna ƙofa da lungu da tsarin cikin gida, don haka ka tsaya a zaure sai an ce ka shiga, kuma ka goge bayanan wuri daga abin da za ka ɗora a intanet. Gine-gine da wuraren da ke cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, irin Gidan Madaki na Kafin Madaki da ake danganta gininsa ga Babban Gwani, ko zanen duwatsu na Geji da Shira, suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sai da izininta. Zanen dutse ba a jiƙa shi, ba a bin sa da alli, ba a taɓa shi. Allo da takardun da ke ɗauke da ayoyi a riƙe su da tsarki, a ɗauke su yadda suke. Dabarar ja da murɗewa ba ta su ba ce. Hoton mamaci kuwa na iyalinsa ne, su za su ce a nuna ko a bari.

Ajiya

Fayil ma yana mutuwa, wani lokaci ma kafin takarda. Filashi da memori suna lalacewa da zafi da daɗewa a ajiye, manhajar waya kuma kamfaninta na iya rufewa da kayanka a ciki. Ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na waje, da ɗaya a wani gida ko a intanet. Adana hotunan asali na fotogirametiri, don da su ake sake gina siffar ko da manhaja ta canza. A kowace jaka ka sa ɗan rubutu: mene ne, ina ne, yaushe, da wace na'ura, wa ya ba da izini. Buɗe su ka duba sau ɗaya a shekara. Kuma ka buga kwafi a takarda ka kai wa masu abin.

Bugawa da kurkum

Idan kana son hoton da ka buga shi ma ya riƙa gushewa, ga hanya mai arha. Zuba cokali ɗaya na garin kurkum a cokali huɗu na sifirit, ka motsa, ka bar shi minti 15, ka tace da ƙyalle. Shafa ruwan a takarda mai kauri ta zane sau biyu, ka bar ta ta bushe a duhu. Mayar da hoton da ka yi sikanin baƙi da fari, ka ƙara masa ƙarfin baƙi, a buga maka shi a farar leda ta firinta yadda yake, ba a juye ba. Idan baƙin bai yi kauri ba, buga biyu ka ɗora su daidai. Kifa ledar a kan takardar, danne da gilashi da maƙalai, ka sa a rana awa 3 zuwa 6. Inda rana ta ratsa rawayar za ta koɗe, inda baƙi ya tare ta zauna. Jiƙa 'yar kanwa a ruwa, tace, ka zuba a hankali a kan takardar. Rawayar za ta koma ja-ja mai duhu. Kanwa ta yi yawa takan bar farin gari idan ta bushe, sai a ɗauraye da ruwa kaɗan. Hoton da ya fito fari fat ya daɗe a rana ne ko baƙin ledar ya yi sirara. Wanda ya fito rawaya ɗaya ba siffa, lokacin bai isa ba.

Irin wannan hoto idan aka rataye shi inda haske ke shiga zai ci gaba da koɗewa cikin makonni, a cikin littafi kuwa yakan daɗe. Buga biyu a rana ɗaya, ka rataye ɗaya ka ɓoye ɗaya, ka riƙa ɗora na ratayen a sikana duk Juma'a da saitin nan da ka adana. Wajen nuni, jera hotunan a layi ɗaya a tsayin ido, tazara iri ɗaya, kwanan wata a ƙarƙashin kowanne da fensir, sannan ka ajiye ɓoyayyen a ƙarshen layin cikin kwali mai murfi wanda mai kallo zai buɗe ya rufe.